Azumin Saffana

Ranar wata Talata da hantsi, a hawa na uku na kasuwar tufafi ta Baima, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, Saffana ta sulale ƙasa tana tsakiyar yi wa mahaifinta tafinta. Ko ƙara ba ta yi ba. Ta tafi ne kamar mayafin da ya zame daga kan igiya, har Alhaji Sha'aban ya zaci wani abu ta sunkuya ɗauka. Sai da mai shagon ta kurma ihu sannan ya waiwaya.

Da ya ciccibe ta, abin da ya fara zo masa a rai shi ne, budurwa ce 'yar shekara ashirin, amma bandir ɗin shadda ya fi ta nauyi. Wata Basiniya ta miƙo ruwan gora, ya sa hannu ya tare.

"Kada ku ba ta," ya ce da Hausa, ya manta babu mai jin sa. "Azumi take yi."

Har a wannan hali, sai da ya ji wani daɗi a ransa da ya faɗi haka.

*

Wata biyar ke nan ana wannan azumi. Saffana karatun harhaɗa magunguna take yi a wata jami'a ta Guangzhou, shi kuma yana zaune a unguwar Dengfeng, yana saro kaya yana aikawa Kantin Kwari. Da Litinin da Alhamis ta fara. Daga nan ta koma yi yau, hutu gobe. Daga baya duk ranar da ya kawo mata tuwo daga gidan abincin 'yan Nijar, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, da niyya na kwana."

Alhaji bai bar kowa ya huta da labarin ba. A masallaci ya faɗa, a wajen 'yan canji ya faɗa. 'Ya'yan mutane suna zuwa ƙasar Sin su lalace, in ji shi, tasa kuwa zuwa ta yi ta zama waliyiya. Lokacin da kwantenarsa ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Nansha, ita ya ce ta sa masa ita a addu'ar buɗa-baki, kwana biyu kuwa aka sake ta. Wani malami ɗan Gana ya taɓa jan sa gefe ya ce addini bai son azumin da ba ya yankewa. Alhaji ya yi murmushi kawai, ya bar maganar a matsayin hassada.

*

A asibiti, Rukayya ce ta yi tafinta, 'yar Maraɗin da suke ɗaki ɗaya da Saffana. Likitan ya daɗe yana magana, yana nuna wata takarda da alƙalami.

"Ya ce zuciyarta ta yi rauni, Baba. Nauyinta ya koma kilo talatin da takwas. In ba ta koma cin abinci ba, wata rana faɗuwar ba tashi."

"To, sai ta sassauta ibadar. Ki gaya masa 'yata..."

"Baba, ba azumi ba ne." Rukayya ta kawar da kai. "Ko magariba ta yi ba ta ci. Ta sa ni na rantse ne, amma gara in yi kaffara."

Ta ciro waya ta nuna masa hoton wata yarinya fara sol, mai haɓa kamar bakin cokali. Alhaji ya san fuskar. Tana jikin motocin haya, tana jikin kwalbar lemo, shi kansa ya taɓa saro riguna dozin ɗari masu hotonta, bai taɓa tambayar 'yar wace ce ba. Ya ma ɗauka zane ne, don bai taɓa ganin ramin gumi a fatarta ba.

"Miran ke nan, mawaƙiyar Koriya, tana fim kuma," in ji Rukayya. "Tana shekara goma sha biyu wani kamfani ya karɓe ta daga hannun iyayenta. Shekara bakwai suna koya mata rawa da waƙa da yadda ake murmushi. Duk safiyar Litinin a ɗora ta a sikeli gaban sauran yara, a kira nauyinta da ƙarfi. Da ta yi suna aka tambaye ta sirrin kyanta, ta ce abincinta na yini ba ya wuce cikin ƙaramin kofin takarda. Shi ke nan 'yan mata suka ɗauka. Saffana ma kofinta na ƙarƙashin matashi."

"Ita wannan ɗin, iyayenta ba sa gani?"

"Sun gani, Baba. Tafi suke yi mata. Yanzu wata takwas ba a gan ta ba, kamfanin ya ce hutu take yi."

Alhaji ya ƙura wa hoton ido. Yau ya lura da ƙasusuwan wuyanta, ramin da ke tsakaninsu zai riƙe ruwan alwala. Sai ya tuna wata rana bara a Baima, da Saffana ta ɗaga wata doguwar riga tana so, mai shagon ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Meyo," wato babu daidai ke. Shi ya fi kowa dariya ran nan. Har ya kira ta da sunan da yake tsokanarta da shi tun tana ƙarama, Buhun Dawanau, ya kuma sa ta fassara wa matar da bakinta.

*

Bayan la'asar Tankari ya zo, abokin cinikinsa ɗan Sakkwato, da ledar dabino a hannu.

"Ina waliyiyar tamu? Alhaji, kai dai ka haihu! Wallahi jama'a sai tambaya suke, wasu ma cewa suka yi in roƙa musu addu'a."

Alhaji ya ce, "Da sauƙi." Ya ji kalmar ta zauna daidai, ya ga kuma zai iya tsayawa a nan. Wa zai sani? Gobe a masallaci a ce ibada ce ta kayar da ita, a ƙara girmama shi.

"Ai ni har na buga wa 'yata Yalwa waya," Tankari ya ci gaba yana dariya. "Na ce ke dai ci kamar gara, ga sa'arki can ta rame saboda Allah. Na aika mata hoton Saffana. Ka san ta ji kunya? Uwarta ta ce kwana tara ke nan ba ta taɓa abincin rana ba."

Alhaji ya ji gumi ya tsatso masa a ƙarƙashin hula. Ya dubi takalmansa.

"Tankari, kira ta yanzu. Ka ce ta ci abinci."

"Kamar yaya?"

"Ba azumi 'yata take yi ba. Yunwa take kashe kanta da ita, don ta yi kama da wata mawaƙiya. Ni kuma ina yawo da ita a baki kamar tallan turare. Ka gaya wa duk wanda na gaya wa."

Tankari ya tsaya riƙe da ledar, ya rasa inda zai ajiye ta. Daga bisani ya laluba aljihu, ya nufi bakin taga da wayarsa.

*

Saffana tana kwance, robar ƙarin ruwa a hannunta. Rukayya ta dama kunun gyaɗa ta kawo. Alhaji ya karɓi kwanon ya zauna a bakin gado, abin da rabonsa da yi tun tana koyon tafiya.

"Me ya sa kika ce mini azumi, uwata?"

Tana kallon rufin ɗakin ta ce:

"Da na ce ƙiba nake ragewa, dariya za ka yi, Baba. Da na ce azumi, sai ka sa mini albarka."

Ya ɗebo kunun, ya hura, ya kai mata baki. Ta karɓi cokali ɗaya, ta karɓi na biyu, ta haɗiye na ukun da ƙyar kamar mai haɗiyar tsakuwa. Ya fara yin hamdala a zuci.

Sai ya ga hannunta na dama ya lallaɓa kan bargo, ta zagaye tsintsiyar hannun hagu da babban yatsa da ɗan ali, tana dubawa ko har yanzu suna haɗuwa. Cokali na huɗu yana hannunsa, yana hucewa.