Izinin Jin Bakin Iya Afra'u

Hansatu ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Kibiya, shekararta tara tana karɓar haihuwa. Da ta samu gurbin karatun digiri na biyu, ba ta sha wahalar zaɓen abin da za ta bincika ba. Ta daɗe tana lura da cewa duk mai cikin da Iya Afra'u ta turo daga Kahu, sai a tarar da gaske akwai matsala. Iya ungozoma ce, ta haura tamanin, ba ta taɓa shiga aji ba. Hansatu so take ta ji daga bakinta yadda take gane haihuwar da ta fi ƙarfin gida.

Malamin da ke duba aikinta, Dakta Khalid, ya yaba, sannan ya ja mata kunne.

"Kada ki yi wa kowa tambaya ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ki izini a rubuce. Abin da kika naɗo kafin nan ba zai shiga kundi ba, kuma ana iya korarki."

Ba ta yi musu ba. Ta san an kafa dokar ne don kada masu ilimi su riƙa kwasar sirrin mutane ba da yardarsu ba. Ta cike fom mai shafi goma sha huɗu, ta kai ofishin kwamiti.

Bayan mako shida aka dawo mata da shi, wai takardar neman amincewa da Turanci take, a mayar da ita Hausa. Ta ga gaskiyarsu, ta fassara. Aka ce fassarar ba ta da hatimin sashen harsuna. Ta samo hatimi. Aka tambayi yadda tsofaffin da ba su iya rubutu ba za su sa hannu, ta ce dangwale, aka ce to ta kawo sabon fom mai gurbin shaida. Kowane gyara sai ya jira zaman kwamiti, su kuwa sau ɗaya suke zama a wata, in sun cika.

Ana cikin haka aikin rigakafi ya kai ta Kahu. Ta leƙa gidan Iya, wadda tuni ta san da maganar binciken, ta tarar da ita a tsakar gida tana ɓare gyaɗa.

"'Yar nan, ina abin ɗaukar maganar taki?" in ji Iya. "Zauna, yau ina jin surutu."

"Iya, ba a ba ni izini ba tukuna."

"Izinin wa? Ba ni ce mai maganar ba? To na ba ki."

"Na jami'a, Iya."

"Su sun san ni ne?"

Hansatu ta yi dariyar yaƙe. Wayarta na cikin jaka, taɓawa ɗaya ta isa. Ta tuna gargaɗin Dakta, ta taya tsohuwar ɓarar gyaɗa suna hirar damina, ta yi sallama.

Daga nan aka shiga yajin aiki a jami'a. Da aka dawo, sakataren kwamiti ya yi ritaya, wanda ya gaje shi kuma ya ce bai ga fayil ɗinta ba. Ta sake daga farko. Sai a wata na goma sha ɗaya takardar ta fito, layi biyar kacal.

Washegari da hantsi ta hau babur zuwa Kahu. Sadiqa, 'yar Iya, ta tare ta a ƙofar ɗaki.

"Ashe ba ki ji ba? Mako uku ke nan da ta faɗi. Ɓarin jikinta ya shanye, bakin ma ya tafi."

Iya na kwance a kan tabarma. Ta gane Hansatu, ta kamo hannunta da hannun da ke motsi, ta yi ta kokawa da harshenta, ba abin da ke fita sai gurnani da yawu. Sadiqa ta ce wa Hansatu ta yi tambayoyin mana, wataƙila Iya ta amsa da kai. Hansatu ta girgiza kai. Ita da kanta ta rubuta a fom cewa ba za ta sa wanda ba zai iya furta yardarsa ba a binciken. Ta goge wa tsohuwar baki da gefen mayafinta, ta zauna har azahar.

Ta yi hira da ungozomomi tara a Unguwar Gai da Zinyau. In ta zo tambaya mai wuya, sai su ce, "Ai wannan sai Afra'u ta Kahu."

Ta kammala kundin, ta ci. A shafi na arba'in da biyu akwai jimla guda da ke cewa an cire mutum ɗaya daga binciken saboda rashin lafiya. Ba wanda ya tambaye ta ko wane ne.

Dakta Khalid ya kira ta a waya yana murna. Ya ce kwamiti ya yaba da yadda ta bi ƙa'ida, suna so ta zo ranar Laraba ta yi wa sababbin ɗalibai jawabi.

"Ka yi haƙuri, Dakta," ta ce. "Laraba ranar awon ciki ce, ina da mata a layi."