Kifi a Tafkin Bulama

Gwaggo Gumsu ce ta fara ɗaure kaya. Ta gaya wa ɗan wanta, Bulama Fannami, cewa in ruwan sha ya sake yankewa da rani, ita da gidanta sai Auyo. Ya san in ta tashi rabin ƙauyen zai bi ta, a bar shi yana mulkin kangaye.

Shawara biyu ke gabansa. Muhammadu, shugaban maginan rijiya na En'e, wanda Di'o ya turo daga Haɗeja, ya ce a yi rijiyar siminti. Zarami, Sarkin Ruwa, ya ja tsaki.

"Rijiya nawa aka gina a nan suka ƙafe kafin bazara? A fasa hanya daga kogi zuwa tsohon tafki, ambaliya ta cika mana shi."

Aka kira gayya, aka fasa. Damina ta wuce, kogi ya ja baya, tafki kuwa fal. Gwaggo ta kwance kaya.

Abin da kowa ya manta, ruwan kogi ba ya tafiya shi kaɗai. Tarwaɗa da karfasa suka shiga tsalle a gaban mutanen da kakanninsu ba su taɓa ƙyale kifi a tafki ba.

"Sarkin Ruwa, wannan fa na sha ne."

"Na sani, Bulama. Amma kifi ya ƙosa, jama'a na kallona. A bari a yi su, a kama kifin, sau ɗaya tak."

Ranar su har daga Kirikasamma aka zo da homa da gora. Kafin azahar tafki ya zama kunun laka. Gwaggo ta sa aka ɗaura wa jakinta kaya, ta ɗebo ruwan a ƙwarya, ta dangwarar a gaban Bulama.

"Bismilla, Bulama. Ko in kawo maka ludayi?"

Ya tashi ya nufi tafki. Yana zagaya gaɓa sai ya ga wani tsohon ramin ɗiban ƙasa, can nesa kaɗan. Bara busasshe ne ƙayau. Yau ga ruwa garau a ciki. Daga ina? Ya tsuguna ya kwashe shi tas, ya zauna yana kallo. Sai ga shi yana tsattsafowa ta gefen da ke fuskantar tafki.

Ya aika a kira Muhammadu.

"Malam, in ka gina rijiyarka a nan, tafkin Zarami yana shayar da ita ta ƙarƙashi, za ta ƙafe?"

Muhammadu ya murza yashin a hannu, ya ɗanɗana ruwan. "Muddin tafkin bai ƙafe ba, ita ma ba za ta ƙafe ba."

Aka ɗebo ruwan ramin aka miƙa wa Gwaggo. Ta kurɓa, ta daɗe tana juya shi a baki.

"Kayana dai a bar su a ɗaure," in ji ta. "Amma jakin, a mai da shi turke."