Kiyashi a Ƙafar Barewa

Likitar gashin ƙashi ta manna faifan roba biyu a ƙwaurin yarinyar, ta jona musu waya ja da baƙa, sai mai gyaran wuta ya ji hannunsa na ƙaiƙayin fizge su. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, raba mutum da wutar lantarki. Ya naɗe wayoyin gidajen mutane da salatif, ya sha buge hannun yara masu cusa ƙusa a soket. Yau kuma ga shi tsaye kamar an dasa shi, ana shirin sakar wa 'yarsa wuta da gangan.

Barewa ake ce mata a gida, domin tun da ta iya tafiya ba ta taɓa shiga ɗaki ba sai da tsalle. Zazzaɓi ne ya kama ta, aka kai ta kantin maganin bakin layi, wurin mutumin da kowa ke kira Dakta. Farar riga kam yana da ita, kullum a goge, amma karatunsa bai wuce sharar kantin tsohon ubangidansa ba. Ya soka mata allura a ɗuwawu, allurar ta sami babbar jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa. Zazzaɓi ya tafi, ƙafar hagu ta bi shi. Tun daga ranar take jan ta, yatsun suna sharar ƙasa.

An yi watanni ana motsa ƙafar a asibiti, yau kuma ranar gwaji ce. Likitar ta riga ta faɗa wa uban cewa in yarinyar ta ji wutar, to jijiyar tana tohowa, za a ci gaba da tsokanarta har ta farka. In ba ta ji ba, sai maganar tiyata, ita ma babu tabbas.

"In kin ji kamar kiyashi na tafiya a ƙafarki, ki gaya mini," in ji likitar, ta murɗa na'urar kaɗan.

Barewa ta girgiza kai. Aka ƙara murɗawa, ta sake girgizawa, har da 'yar dariya. Uban ya ƙura wa na'urar ido, lambobin suna hawa. Ya san wutar da ta kai haka ko ƙato za ta sa ya zabura. A kan benci kuwa mahaifiyarsa, wadda ta rantse sai ta rako jikarta, murmushi take yi kamar wadda aka yi wa albishir.

Likitar ta kashe na'urar, ta ɗaga faifan guda. Fatar wurin ta ɗan tasa ta yi fari, ga ƙananan huji na bakin allura. Ta tambaya a hankali wa ya taɓa ƙafar nan yau.

Tsohuwar ta gyara zama, ta amsa da alfahari. Ta ce tun da ta ji an ambaci wuta barci ya ƙaurace mata, shi ne da safe, bayan ɗanta ya fita neman mota, ta leƙa da yarinyar wurin Dakta. Ya ce yana da allurar kashe wuri, irin wadda ake yi kafin ɗinki. Ya tambayi Barewa inda aka ce za a manna wayar, ya yi mata kyauta, saboda abin da ya faru a baya.

"Iya," in ji likitar, "jin nan da kika kashe, shi muka zo nema. Da na ci gaba da murɗawa, da fatar ta ƙone ba ta sani ba, ni kuma na yanke cewa jijiyar ta mutu."

Murmushin ya zube daga fuskar tsohuwar. Likitar ta ce su jira a waje har allurar ta sake ta.

* * *

Mutum ba ya yi wa uwarsa tsawa, don haka mai gyaran wuta ya haɗiye tasa. Sai da ya zauna a barandar asibitin ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba, don kullum idonsa na kan ƙafa ɗaya ne. Yaran da ke jiran layi, da yawansu irin tafiyar Barewa suke yi, gefen takalmi ɗaya ya cinye. Ya tambayi matar da ke kusa da shi me ya sami ɗanta. Ta ce allura, a wani kanti, ta faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Da rana ta karkata aka sake kiran su. Aka manna faifan, aka murɗa. Shiru. Aka ƙara kaɗan. Sai Barewa ta yamutsa fuska, ta riƙo hannun rigarsa.

"Baba, kiyashi. Suna da yawa, suna sauka ƙasa."

Likitar ta ce ya dubi yatsun. Babban yatsan, wanda ya yi watanni a kwance kamar ba nata ba, ya yi rawa, ya ɗaga kai, ya koma. Ya sake ɗagawa. Mutumin ya durƙusa a gaban gadon bai san ya durƙusa ba. Ya kunna fitilu a gidajen da ba zai iya ƙirgawa ba, amma bai taɓa ganin wuta ta shiga wuri ta tarar da rai yana jiranta ba. Ashe duk tsawon lokacin nan wani zare siriri yana ta tohowa a cikin naman yarinyar, cikin duhu, babu mai ganinsa, babu mai jona shi. Ya ambaci sunan Allah.

Barewa ta fara kuka don zafi, kakar ta taya ta, tana share hawaye da bakin mayafi.

"Yi kukanki, ƙawata," ta ce. "Yau kukanki ya fi mini kiɗa daɗi."

* * *

Magariba ta kawo jiki sa'ad da suka sauka a bakin layi, mai gyaran wuta ya goya Barewa a baya. Allon kantin Dakta ya riga ya kama, fitilu kore da ja suna ƙyaftawa. Shi ya haɗa masa su da hannunsa, kuma aikin ya yi kyau.

Dakta ya leƙo yana zuƙar ruwan magani cikin sirinji, ya yi musu sannu da dawowa, ya tambaya ko Barewa ba ta ji komai ba, kamar yadda ya yi alkawari. A bayansa wata mata ta kifa ɗanta a cinya, tana saɓule masa wando. Mai gyaran wuta ya matsa, ya roƙe ta ta kai yaron asibiti, ya juyo mata da ƙafar Barewa ta gani. Matar ta dubi ƙafar da tausayi, ta yi mata addu'ar samun sauƙi, ta ce asibiti da nisa, ga dogon layi, shi kuma Dakta hannunsa da sauƙi.

Aka ja labule. Mai gyaran wuta bai yi nisa ba ya ji ƙarar yaron, Barewa ta ƙanƙame masa wuya, ƙafarta ta hagu tana lilo a gefensa.