Koriyar Buta

Turai na durƙushe a bakin rijiya tana kankare gindin kasko na uku, sai Gwaggo 'Yardada ta ƙwala mata kira daga saman soro.

"Ke Turai! Zo ki kama min kafet ɗin nan, yana nema ya tafi da ni ƙasa!"

Ta miƙe da wata koriyar buta a hannu, ta waiga ta rasa inda za ta dire ta. Tsakar gidan ya cika maƙil da tukwane da farantai da dardumai jiƙaƙƙu. Wuri ɗaya ne kawai ba kaya, gindin randa, sai ta ajiye ta a nan ta haye matakala da gudu.

Ranar Asabar ce, ranar da sojoji ke miƙa mulki ga farar hula. Mijinta Salihu, tela ne a nan Soron Ɗinki, ya yi wata uku yana ɗinka tutocin jam'iyya, kuma ubangidansa ya ci kansila. Don haka gobe akwai walima a zaurensu. Shi Salihu tun da sassafe ya kafa hula ya tafi wajen rantsarwa, ya bar mata umarnin cewa komai na gidan nan ya yi ƙyalli. Faɗa dai ba wuya, ai ba shi zai kankare ba.

Abin da ya gagare ta shi ne manyan kasaken ƙarfe na suya, gadon surukarta marigayiya. Maiƙo ya daskare a bayansu shekara da shekaru, ta sa toka, ta sa yashi, ta sa soson ƙarfe, ko gezau. Hasana maƙwabciyarta, mai haɗa sabulu, ita ta miƙo mata ƙullin soda ta kan katanga.

"Ki jiƙa a ruwa, ki riƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan," in ji Hasana. "Kada ki sa wa dalma, cinye ta zai yi. Kuma ki kiyayi jikinki, don Allah. Ba shi da wari, ba shi da kala, sai ki rantse ruwan randa ne."

Dabarar zubawa a buta ta Turai ce, har ma ta yaba wa kanta, domin bakin buta na tsiyayar da ruwa daidai inda ake so. Ta ga aikinsa da idonta. Maiƙon da ya girme ta ya narke ya zama kamar koko. Ɗigo ɗaya da ya fallatsar mata a wuyan hannu kuwa, kafin ta kai ga ruwa ya bar mata jan tabo mai raɗaɗi.

A saman soro suka yi ta fama da kafet ɗin zaure, wanda ya sha ruwa ya yi nauyin jaki. Da suka shanya shi a kan rawanin ginin, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifin Salihu, ta ce a juya shi, rana za ta cinye kalar. Aka juya. Sannan ta ce a hauro da dardumai. Tana yi tana ba da labarin shugabannin da ta gani a rayuwarta, da kakin kowa da hular kowa.

Ana cikin haka Turai ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar Baba Mailafiya a ƙasa. Surukinta ne, tsohon marini, wanda idonsa ya rufe shekara shida da suka wuce.

"Na tafi masallaci," ya ce, kamar kullum.

"A dawo lafiya, Baba," ta amsa daga sama, ita ma kamar kullum.

Sai da suka gama shanya darduma ta shida ta sauko. Ta je gindin randa ta miƙa hannu, ba buta. Ta duba bayan randar. Ta ɗaga wani faranti, kamar buta za ta ɓuya a ƙarƙashin faranti. Can ta hango wata koriyar buta a kife cikin tarin kwanuka, da ɗan jan ƙyalle ɗaure a mariƙinta. Ta Baba ce. Salihu ne ya sayo su biyu iri ɗaya a kasuwar Kurmi. Kullum kafin azahar Turai ke cika ta Baba ta ajiye masa a gindin randa, shi kuma ya laluba ya ɗauka, ya je ya yi alwalarsa a dakalin masallaci yana hira da tsofaffi. Yau ta manta ba ta cika ba. Ga tasa nan a bushe, ya ɗauki wadda ya samu a wurin.

Ta dafa randa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Gwaggo! Baba ya tafi da ruwan soda!"

"Ya tafi da me?"

Ba ta tsaya bayani ba. Ta fizgi wani zane a kan igiya ta yafa, ko takalmi ba ta nema ba, ta ratsa zaure ta faɗa lungu.

Shekararta tara a gidan nan, amma fitar da ta yi da rana tsaka ba ta kai a ƙirga da yatsu ba, ita ma asibiti ne, ƙofa ɗaya, hanya ɗaya. Masallacin unguwa kuwa da kunne ta san shi. Ta san dai lasifikarsa na zuwa mata ta bayan ɗakin girki. Yau ba wuta, lasifika ta yi shiru. Ta yanki hagu, domin nan ne bayan ɗakin girki.

Ƙasa ta yi zafi kamar kaskon tuya, ba ta ji ba. Abin da ke kanta kawai shi ne jerin alwala, yana maimaita kansa. Hannu sau uku. Sai kurkurar baki. Sai shaƙa a hanci. Sai fuska. Ta dubi tabon wuyan hannunta, ɗigo ɗaya tak, ta tuna yadda Baba ke cika bakinsa taf da ruwa yana kurkura da ƙarfi har a jiyo shi daga ɗaka.

Lungun ya lanƙwasa, ya ƙara lanƙwasa, ya ƙare a ƙofar wani gida. Ta juyo. A mararraba ta ci karo da maza sun fi ashirin, sun kewaye rediyo mai batir a gaban shagon wanzami, ana ta tafi a cikin rediyon su ma suna tayawa. Suka juyo suna kallonta, mace ba takalmi, hannu duk baƙin tukunya. Da a ce jiya ne, da ƙasa ta tsage ta shige don kunya.

"Don Allah ina masallaci?" ta ce.

"Wane daga ciki, Malama? Masallatai ai sun fi biyar."

"Wanda Baba..." Ta tsaya. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunansa a bakinta ba. Ta runtse ido. "Wanda Baba Mailafiya ke zuwa."

"Lafiya dai?"

"Ku nuna min kawai!"

Wani dattijo ya nuna da carbinsa. "Ki miƙe, ki bar kwata a damanki, gidan da ke da durumi ki shiga hagu."

Ta ruga. Wasu samari a kan babura ɗauke da tutoci suka toshe bakin lungun suna ta busa oda, wataƙila ma tutocin ɗinkin Salihu ne. Ta matse jikin bango ta wuce, bututun hayaƙin wani babur ya goge ta a ƙafa. Tana gudu tana roƙon Allah, addu'ar ma ta ƙi haɗuwa. Ya Allah ka sa ya tsaya hira. Ya Allah ka sa butar ta faɗi ta zube. Sannan wani tunani ya faɗo mata wanda ya fi na farko muni. Baba ba ya hana kowa butarsa. Salihu har faɗa yake yi, wai rabin masallaci da ruwan gidansu suke alwala.

Tana kaiwa gindin durumin ta ji muryar ladan yana tayar da iƙama. Nan ta san an gama. Duk mai yin alwala ya riga ya yi. Ta daina gudu, ta riƙa jan ƙafa tana kasa kunne, tana jiran ta ji ihu ko salati. Ba ta ji komai ba sai kabbarar liman.

Takalma sun yi layi a ƙofar masallaci. A can ƙarshen dakali, inda inuwa ta ƙare rana ta fara, Baba Mailafiya na zaune shi kaɗai. Ya matse koriyar butar tsakanin gwiwoyinsa, ya rufe bakinta da gefen rigarsa, hannunsa na hagu a kan murfin. Hannun dama ya ajiye shi a cinya, tafin na kallon sama.

Ta zube a gabansa. Abin da ba ta taɓa yi ba ta yi, ta ɗaga kai ta ƙura wa fuskarsa ido. Leɓɓansa lafiya. Gemunsa a bushe.

"Baba..." ta ce.

"Turai ce?" ya ce a hankali. "Na san ke za ki zo. Yi ƙasa da murya, ana salla."

"Ka sa a baki? Baba, don Allah, ka sa a baki?"

"Shekara hamsin ina rini a karofi, 'yar nan. Ido ne ya tafi, hannu bai tafi ba. Ina zubawa na ji santsi a yatsuna, na ce wannan ba ruwan randar gidana ba ne."

Ta dubi hannun. Tafin da shuni ya rina shekara da shekaru, har yanzu farcen da sauran shuɗi, ya yi jawur, tsakanin yatsu ya fara tashi. Ya goge da riga, shi ke nan abin da ya samu ya yi. Randar masallaci na can ciki, taku goma daga inda yake.

"Me ya sa ba ka wanke ba? Me ya sa ba ka zubar ba?"

"In zubar a ina? Nan ƙasan dakali mutane ke tsayawa ba takalmi. Kwatar can agwagi ne da yara. Ni ba na gani. In kuma na ajiye na tashi, kin san buta a ƙofar masallaci ba ta da mai ita." Ya ɗan yi murmushi. "Mutum uku suka nemi aro, na hana. Ladan ya ce tun da ɗana ya shiga gwamnati na fara rowa."

"Ai da ka gaya musu, Baba."

Liman ya yi kabbarar ruku'u, Baba ya ce, "In na gaya musu, za su tambayi wa ya cika min butar. Duk unguwar nan an san mai cika min."

Sai a lokacin ta gane. Da ya buɗe baki, kafin la'asar labari ya gama Soron Ɗinki, ya tsallaka Madabo inda iyayenta suke, cewa matar Salihu ta zuba wa makahon surukinta soda a buta. Ba mai tsayawa ya tambayi zancen kasko ko kafet. Hawaye suka ɓalle mata, ta toshe baki da zanen.

"Wallahi Baba mantuwa ce. Gwaggo ce ta kira ni, na rasa inda zan..."

"Na sani. Da ban sani ba, da ba a nan za ki same ni ba. Karɓi abarki kafin su sallame. Riƙe ta nesa da jikinki."

Ta karɓa da hannu biyu. Ya laluba sandarsa ya miƙe, ya ɗan tsaya yana sauraron sahun da ke bayan bango. Salihu ya sha faɗa da alfahari cewa tun da aka gina masallacin nan, ko ranar da aka yi wa Baba aikin ido bai rasa jam'in azahar ba. Baba ya juya wa ƙofar baya.

"Mu je. Ni zan yi gaba, tun da ke ba ki san hanya ba."

Haka suka koma, makaho a gaba yana ƙwanƙwasa bango da sanda, ita a baya da buta. Ashe lungu biyu ne kacal tsakaninsu da gida.

Gwaggo 'Yardada na tsaye a zaure tana salati. Baba ya ce da ita ta bar kururuwa ta jiƙo tsamiya, haka suke yi a karofi. Turai ta juye ruwan sodar a masai, ta ɗauko wuƙa ta huda gindin butar, ta jefa ta bayan murhu. Sannan ta zaunar da shi a bakin rijiya, ta yi ta kwarara masa ruwa a hannun, guga bayan guga, har kafaɗunta suka gaji. Ta ga yana cije leɓe.

"In Salihu ya tambaya, ku bar ni da shi," ya ce.

"A'a Baba, ni zan gaya masa da bakina."

"To, ki bari sai an gama walimarsa. Yanzu dai miƙo min ruwa, lokaci na tafiya."

Ta ciro butarsa mai jan ƙyalle daga cikin kwanuka, ta ɗauraye ta sau uku, ta cika daga randa. Ta kawo gabansa ta durƙusa. Har ya miƙo hannun hagu, sai ta janye butar. Ta tsiyaya a tafinta ta kai baki, ta haɗiye, ta jira, ta ƙara.

Baba Mailafiya ya karkata kai, ya ji haɗiyar tata sarai. Ya bar hannunsa a miƙe har sai da ta ga dama ta sa masa butar.