Hujin da Mailafiya Ya Liƙe

Injin ya sake mutuwa. Farfela ta yi juyi biyu na kasala ta tsaya, ƙurar da ta tayar ta fara sauka a kan fukafukan jirgin. Mukhtaru ya dira daga kujerar, ya taɓa bututun mai, ya janye hannu da sauri. Zafi zau.

Daga inuwar katanga mahaifiyarsa Ɗaso ta ɗago kai daga katifar da take ɗinke wa da basilla, ta ce saura Juma'a. Ba ta kira sunansa ba, ɗan fari ne.

Mukhtaru haifaffen Makka ne, bakanike a garejin motocin alhazai. Tun da ya yi aikin wucin gadi a filin jirgi na Jidda, wani matuƙi ya riƙa hawa da shi sama yana sakar masa sitiyari, bai sake zama lafiya ba. Shekara da shekaru yana haɗa nasa jirgin mai cin mutum ɗaya a filin bayan gidansu da ke unguwar Mansur, da katako da tamfol da injin wata tsohuwar mota Boswaja. Ɗaso ta gaji da hana shi, sai ta kafa sharaɗi. A ɗaure jirgin a turke, injin ya yi ta aiki daga sallar la'asar har kiran magariba. In bai mutu ba, ta sa albarka, ya ɗauke shi a babbar mota ya kai fili a hanyar Jidda ya gwada tashi. In ya mutu, to a ɓaɓɓalle shi a yi wa alhazai rumfa da katakon, don sun fara sauka, kuma tana da baƙi daga Kano. Juma'ar nan ce ta ƙarshe.

A wannan yammacin Mukhtaru ya gano cutar. Zafin Makka da zafin inji sun haɗu suna tafasa fetur a cikin bututu, sai kumfa ta shiga kafireto, inda inji ke shan mai, a maimakon man, inji ya shaƙe. Maganin shi ne kada man ya tsaya wuri ɗaya. Zai raba bututun dab da kafireto, ya ja wani siriri ya mayar da rarar man saman tanki, ya riƙa zagayawa yana hucewa. Amma sai an huda tankin an liƙa masa baki na tagulla, kuma duk Mansur mutum ɗaya ya yarda da liƙinsa.

Shi ne Mailafiya, abokin marigayi baban Mukhtaru, tare suka taho daga Kano a ƙasa ta Sudan. Sana'arsa liƙe gwangwanayen zamzam da dalma, waɗanda alhazai ke tafiya da su gida. Yakan ce gwangwanin da ya fita daga hannunsa yana isa Sakkwato ko ɗigo bai ragu ba. Kowane abu ya gama, sai ya hura masa iska, ya tsoma shi a ruwa, duk inda ya ga kumfa ya bi da dalma, ko ba a sa shi ba.

Mukhtaru ya cire tankin, ya wanke shi da sabulu har warin fetur ya fita, ya cika shi da ruwa saboda wuta, ya kai masa. Tsohon ya jujjuya shi yana tsaki, ya tambaya ko wannan tukunyar ce za ta kai ɗan abokinsa sama. Mukhtaru ya nuna masa inda za a sa bakin, yana cikin bayani aka aiko daga gareji, wata bas ta lalace a hanyar Mina. Ya ruga. Da ya dawo washegari aiki ya kammala, liƙi sumul kamar azurfa. Ya ɗaura tanki, ya ja sabon bututun jan ƙarfe, ya ɗaɗɗaure.

Ranar Juma'a maƙwabta suka cika kan katanga. Mailafiya ya zo da farar taguwarsa ya tsaya kusa da fiffike. Ɗaso tana wurinta da katifarta. Ana sallame la'asar Mukhtaru ya wulla farfela, injin ya kama, igiyar turke ta miƙe, ya haye kujerarsa.

Lokacin da ya saba mutuwa ya zo ya wuce. Mukhtaru ya miƙa hannu ya taɓa sabon bututun, ya ji mai na gudu a ciki, da ɗumi amma ba zafi. Ya yi murmushi ya ɗaga wa tsohon hannu. Inuwar katanga ta ci rabin filin. Rana ta koma bayan duwatsu.

Sai ya ji ƙwas!

Tankin yana gabansa, tsakaninsa da inji. Gefensa ya lotsa ciki kamar an naushe shi. Ƙwas, ɗaya gefen ma. Injin ya yi tari, ya farfaɗo, ya sake tari.

Mailafiya ya matso ya sa baki a kunnensa saboda ƙara.

"Ba dai liƙina ba ne, ɗan nan. Ko iska ba ta shiga. Har ɗan hujin da ka manta a murfi na toshe maka."

Mukhtaru ya dubi murfin. Wannan hujin ne numfashin tankin. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, famfon mai yana tsotsa, tanki yana matsewa. Ya cafki murfin ya murɗa da duk ƙarfinsa. Ya ƙi, tsotson ya riƙe shi gam. Wani maƙwabci ya wullo ƙusa da guduma daga kan katanga. Mukhtaru ya girgiza kai. Tartsatsi ɗaya a kan fetur, da shi da jirgin da mutanen katanga duk sun tafi.

Injin ya fara ja da ƙyar. Farfelar da ɗazu ba a ganinta ta fara bayyana.

Wani ya dafa kafaɗarsa. Ɗaso ce, iskar farfela tana fizgar mayafinta, ta miƙo masa basilla, zaren katifa na reto a jiki.

"Ungo. Dalma ce ai, taushi gare ta."

Ya lalubi ɗigon dalmar a tsakiyar murfin, ya kafa tsinin basillar, ya danna da tafin hannu yana murzawa. Gindinta ya shige masa fata, bai saki ba. Fuss! Iska ta kutsa ciki da fito, tankin ya yi ƙara ya miƙe, injin ya yi tari ɗaya ya ɗauka da ƙarfi har igiya ta yi kuka.

Haka ya yi ta ruri har ladan ya ɗaga murya. Mukhtaru ya bari aka kai ƙarshen kiran, sannan ya kashe shi da hannunsa.

Ya sauko, ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa. Ya ce da ta bar shi ya tafi hanyar Jidda ba wannan gwaji, da a sama tankin zai matse, inda babu mai miƙo masa komai. Ya ce kuma ya san da ta zauna a kan katifarta, da yanzu tana da katakon rumfa.

"Cewa na yi in ya mutu da kansa," in ji ta. "Ban ce a shaƙe shi ba. Tashi, Allah ya yi albarka."

Mailafiya yana gefe ya cire hula yana murza ta, ya kasa haɗa ido da kowa. Mukhtaru ya je ya kama hannunsa biyu, ya ja shi ya nuna masa bakin tagullar. Tanki ya lotsa ya miƙe, amma liƙin ko gumi bai yi ba.

"Baba, wannan bakin ne ya kai ni magariba. Na gode."

Tsohon ya shafa wurin da babban yatsa, ya ɗan saki fuska. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin abin da ake so ya riƙa yoyon iska ba, amma tunda na sama ne, ya ji. Ya mayar da hularsa, ya ce a kawo masa murfin gobe ya gyara bakin hujin, don wannan da aka yi da basilla ba shi da kyan gani.

Mukhtaru ya goge basillar da gefen rigarsa ya miƙa wa Ɗaso. Ta ce ya riƙe, ya ɗaure ta da zarenta kusa da kujerarsa, tana da wata. Sannan ta ce ya wanke jinin hannunsa ya wuce masallaci, kafin a tayar da salla.