Ban da Awa da Minti

Manajan asibitin ya dangwala yatsa a fuskar kwamfutar, ya bar maiƙon abin da ya ci a kan gilashin.

"Wannan tarkacen lambobin fa? Kwanan wata kawai nake so. Cire awa da minti, sun cika shafi."

Da Injiniya yake magana. Haka ake kiransa a gida da ofis, ko da yake aikinsa bai wuce kula da shafin da ke fitar da bayanan marasa lafiya ba. Kwamfuta tana ajiye lokaci ne a wata doguwar lamba, shi kuma ya rubuta layin da ke mayar da ita abin da mutum zai iya karantawa: rana, wata, shekara, awa, minti. Shekara uku layin nan yana aiki ba wanda ya ce ya cika shafi, sai yau da aka ji kwamitin bincike na nan tafe.

Takardar da ke buɗe a gabansu ta mijin yayar Injiniya ce, direban babbar mota. An karɓe shi ƙarfe 8:12 na safe yana dafe da ƙirji. Likita ya duba shi 4:47 na yamma. Ya cika 5:03. A ranar Yaya tana wani gari wajen haihuwar 'yarta, shi kuwa Injiniya yana hawa na biyu yana shan fanka, bai ji labari ba sai da aka rufa gawar.

"Ranka ya daɗe," ya ce, murya can ƙasa, "ai lokacin ne ke nuna..."

"Ƙarya na ce ka rubuta? Gyaran tsari ne kawai, malam."

Manajan bai ma san mamacin na gidansu Injiniya ne ba. Da ya sani ma, iyakarsa ya ce Allah ya jiƙansa, ya sake dangwala yatsan.

Injiniya ya dubi katin aikin da ke rataye a wuyansa. Ya tuna yadda ake nuna shi a dangi, wai ga namu a babban asibiti. To, ga nasu ɗin. Ya kai hannu ƙarshen layin inda aka rubuta HH:mm, wato awa da minti, ya danna maɓallin gogewa sau biyar. Ko gumi bai yi ba, abin kunyar ke nan.

* * *

Da yamma ya tarar da Yaya a kan tabarma, ta rame sai idanu. Sati biyu tana roƙonsa ya kawo mata takardar asibitin, don surutun mutane ya hana ta sukuni.

Ya miƙa mata, ta bi layukan da yatsa. An karɓe shi: 14 ga Maris. Likita ya duba shi: 14 ga Maris. Ya rasu: 14 ga Maris.

Ta sauke ajiyar zuciya.

"Ka ga mutane ko? Wai a benci aka yar da shi har ya mutu. Ashe a ranar suka duba shi. Allah ya saka musu da alheri. Kai ma Allah ya yi maka albarka, ƙanena, ka cire mini ƙaya a rai."

Ya ce amin. Bakinsa ya iya wannan ma.

Ta ninke takardar, ta ɗora a kan akwati, ta danne ta da agogon hannun mijinta. Agogon yana ta tafiya abinsa.