Haihuwar Ɗaya ga Janairu

A gafarce ni da karambani, ban taɓa rubuta labari ba sai wannan.

Injiniya ta maka takardun a teburin shugaban asibiti har shayinsa ya fantsalo. Ita ke kula da kwamfutocin asibitin. Kwananta uku tana bin diddigin yadda aka yi aka ba wata tsohuwa maganin wata, har ta kusa sheƙawa.

"Yallaɓai, Baba mai kati ba shi da laifi."

"Shi ya buɗe mata fayil ko ni?"

"Shi ne. Ya tambaye ta ranar haihuwa, ta ce shekarar da aka yi fari. Kwamfuta kuwa ba ta yarda a tsallake gurbin. Duk wanda bai san ranarsa ba, ɗaya ga Janairu ake sa masa. Rabin tsofaffin nan rana ɗaya muka haife su."

"Sai mu haɗa musu biki," in ji shi, yana goge tebur.

Ta tura masa wata takarda. "Bara ka sa aka saita ta, in suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya ta haɗe fayil ɗin, wai a rage cunkoso. Na ce kada a yi. Ga sa hannunka. Mata biyu ta mayar mutum ɗaya, kuma akwai irinsu arba'in da bakwai."

"Ke yarinya, ƙarfe biyu kwamitin bincike zai zauna. Mutum suke nema, ba tatsuniya ba. Rubuta sakacin ma'aikaci ki kai musu."

A baranda ta tarar da Baba cikin kayansa na fita kunya, yana jiran a kira shi. Saura wata huɗu ya yi ritaya. In aka kore shi, shekara talatin sun bi ruwa.

"'Yata, kin gano inda na ɓata? Idon nan ne ya fara ha'intata."

"Idonka ƙalau, Baba," ta ce, haƙoranta a datse.

Ta rubuta layin da aka ce ta rubuta, ta bar wurin sa hannu fayau. A bayansa ta maƙala umarnin shugaba da jerin mutum arba'in da bakwai ɗin, har da lambobin gadajen uku daga cikinsu da ke kwance yanzu. Ta buga kwafi shida.

Ɗakin taron ba kowa, sai fanka na juyawa. Ta ajiye wa kowace kujera nata. Da ta ji muryoyin 'yan kwamitin a matakala, sai ta cire takalminta mai ƙwas-ƙwas, ta sulale ta ƙofar baya.